Ta Cinya Aka Shiga Zuciyar Babana

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta.

Yau wata huɗu da rasuwar mahaifina, kuma har yanzu idan mutum ya dube ni ya ce "kwana ne ya ƙare," sai in ji kamar in tashi in bar masa wurin. Na sani. Ni ma Musulma ce, ba wanda zai wuce ranarsa. Amma akwai abin da ya faru a gidanmu na Fammar wanda idan na rufe bakina a kansa, gobe wata za ta faɗa inda na faɗa. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda zai ji haushi a dangi ya ji.

Ni ce 'yar fari a gidanmu. Mu Fulanin gida ne, tun kakanni aka zauna aka haɗa kiwo da noma. Fillancin ma ya kusa gudu daga bakinmu, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Baba ba ya cin abinci ina wurin, ko ruwa ba ya kurɓa a gabana. Idan zai yi min magana sai ya dubi Inna, mahaifiyata, ya ce, "A gaya wa ta Rano ta gaida maigidanta," alhali ga ni zaune a bakin ƙofa. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Zurgu, a can na yi makaranta, yanzu ina koyarwa a firamare a Rano inda nake aure. Ƙannena maza biyu suna kudu da shanu, sai shekara ta zagayo ake ganinsu. Inna kuwa idonta ya yi yana, da lalube take gane ƙwarya. To da ciwo ya zo, wa zai riƙe takarda ya yi magana da likita? Ni, wadda ba ta taɓa haɗa ido da mara lafiyar ba.

Farkon damina abin ya fara, lokacin huɗa. Yana bin shanu sai ya tsaya ya dafe ƙirji, gumi ya jiƙa masa riga, hannun hagu ya yi nauyi. Ya ce ƙwarnafi ne, aka jiƙa masa kanwa. Ƙaninsa, Baffa Ilu, wanda a duniya ba ciwon da bai san sunansa ba, ya ce gyambon ciki ne, ya kawo saiwa. Mako uku ana wannan, ba wanda ya gaya min. Sai ranar da ya faɗi a bayan garma aka ɗauko shi a amalanke, sannan aka tuna da lambar wayata.

A ƙaramin asibitin da muka fara zuwa suka manna masa wayoyi a ƙirji, wata takarda ta fito, mai dubawar ya kalle ta ya ce mu wuce Kano yau ba gobe ba. Kano kuwa, jama'a, sai wanda ya je. Layin kati daban, layin gwaji daban, layin ganin likita daban, ka kai gaba a ce ya shiga taro. Kwana tara muna wannan zarya, dattijon da ko tsayuwar salla tana ba shi wuya yana zaune a siminti. Daga ƙarshe muka samu ganin likitan zuciya, wani matashi mai haƙuri, Allah ya saka masa da alheri, don shi bai rage mu da komai ba. Ya ɗauki biro ya zana min zuciya a bayan kati. Ya ce jijiyoyin da ke kai mata jini ne ɗaya ta kusa toshewa. Ba za a tsaga ƙirji ba. Za a zura wata siririyar roba ta cikin jijiya har ta kai wurin, a hura ta buɗe hanyar, a bar wata 'yar raga ta ƙarfe ta tokare. Siten ya kira ta, sunan ya zauna min a ka har yau.

Bijiman huɗarsa guda biyu su aka sayar aka biya kuɗin aikin. Ranar da aka ja su, Baba ya juya fuskarsa bango.

Kafin a shiga da shi aka ba ni takarda in sa hannu. Aka karanto min abubuwan da ka iya biyo baya: zubar jini, kumburi, ƙoda ta taɓu saboda ruwan da ake zubawa a ga jijiya, ragar ta toshe. An karanta su da sauri, ni kuma kunnena yana ji, hankalina yana kan gadon da ake turawa. Na sa hannu. Wa zai ƙi sa hannu ubansa yana kwance?

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Likita ya fito da fara'a ya ce an dace, hanya ta buɗe. Sai dai ya ce sun so shiga ta wuyan hannu, jijiyar ta ƙi ba da hanya, dole suka koma ta matsematsi, can saman cinyar dama. A lokacin ban ɗauki maganar a bakin komai ba. Ina ruwana da ta inda aka shiga, tunda an fito lafiya? Ashe duk bala'in a nan yake. Da ta hannu ne, ko gaisuwa na durƙusa yi zan ga wurin.

Ranar sallama likita ya zaunar da ni ya ce, "Malama, abu biyu zan damƙa miki. Na farko, wurin da muka huda. A duba shi safe da yamma. Idan ya kumbura, ko ya yi baƙi yana yaɗuwa, ko aka dafa aka ji yana bugawa, ku taho ko a kan me kuke. Na biyu, waɗannan ƙwayoyin masu tsinka jini. Ya tsallake abinci, amma kada ya tsallake su. Ranar da ya daina sha, jini zai daskare a kan ragar nan."

Na ce to. Na fito ina tambayar kaina, ni Hauwa, ta yaya zan ce wa Baba ya ɗaga riga in duba masa matsematsi?

Na roƙe shi ya zauna a gidana a Rano ko na mako biyu ne, kusa da asibiti. Ya dubi Inna ya ce, "A gaya mata ban taɓa kwana a gidan suruki ba." Aka wuce da shi Fammar. Ƙwayoyin na ƙulla wa Inna su a leda daban-daban, ta safe da ƙulli ɗaya, ta yamma da ƙulli biyu, don ta gane da hannu. Duba wurin kuwa, Inna ba ido, ni ba hali, sai na ja Baffa Ilu gefe na maimaita masa maganar likita kalma bayan kalma. Ya buga ƙirji ya ce, "Haba 'yar nan, ɗan'uwana ne ciki ɗaya. Je ki makarantarki, kin gama naki." Wallahi har godiya na yi masa.

Makon farko lafiya lau. Ina tashi daga makaranta in hau acaɓa in je. Nauyin ƙirjin ya tafi, yana cin tuwo, har yana fita ƙofar gida. Mutane suna ta zuwa ganin wanda aka shiga zuciyarsa ba a yanka shi ba.

Mako na biyu na lura yana jan ƙafar dama, kuma ya koma salla a zaune. Na tambayi Baffa, ya ce, "Ɗan kumburi ne, kaluluwa ce, ai dole inda aka huda ya yi fushi." Na ce, "Baffa, ka dafa? Yana bugawa?" Ya ce, "Ke, jikin mai rai ina ne ba ya bugawa?" Aka yi dariya a zaure. Na shiga ɗaki na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, "Baba, ya jikin? Ya wurin da aka yi aikin?" Ya ja bargo ya rufe ƙafafunsa har ƙirji, a wannan zafin, ya ce, "Da sauƙi." Tsakanina da bargon nan bai fi taku uku ba. Na zauna na kalle shi, na tashi na yi sallama na hau acaɓa na koma Rano. Wannan tafiyar ita ce ba zan yafe wa kaina ba.

Ranar Talatar mako na uku ina cikin aji da hantsi wayata ta yi ƙara. Matar Baffa ce, ba ta ko yi sallama ba, ihu kawai take, "Ki zo, jini, jini ya ƙi tsayawa!"

Abin da ya faru, daga baya na haɗa shi. Kumburin ya girma ya kai lemon zaƙi, cinyar ta yi baƙi har gwiwa, Baba ya kasa barci. Baffa ya duba ya yanke hukunci cewa mataccen jini ne ya kwanta, kuma maganin mataccen jini kowa ya sani, ƙaho ne. Ya aika aka kira wanzamin gidanmu, wanda shi ya yi mana askin suna dukkanmu. Ba wanda ya gaya wa bawan Allahn nan cewa mutumin yana shan maganin tsinka jini, ba kuma wanda ya gaya masa abin da ke ƙarƙashin fatar. Ya tsattsaga, ya kafa ƙaho, ya zuƙa. Jini ya zo, ja wur, ba baƙi ba. Baffa ya ce bai kai ga uwar ciwon ba, ya ƙara nutsa askar kaɗan. Ya ƙara.

Da na isa, na tarar da maza cike da tsakar gida suna salati, ba mai yin komai. Wanzamin yana zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. A ɗaki Baffa ya tusa tsumma da toka a wurin, jini yana ɓulɓulowa ta gefe, tabarma ta jiƙe, leɓen Baba ya yi fari fat. Ban san lokacin da na ture Baffa ba. Na yaye zanen da aka rufa masa, na naɗe mayafina na danna da hannu biyu, na hau da duk nauyina. A ƙarƙashin tafina ina jin abin yana harbawa. Baba ya buɗe ido ya ga ni ce, ya yi ƙoƙarin jawo zanen ya rufe jikinsa. Mutum yana bakin mutuwa, abin da ya dame shi ke nan. Na daka masa tsawa, karo na farko a rayuwata, na ce, "Baba, ka bari!" Ya bari, ya kau da kai.

A bayan a-kori-kurar wani mai ɗaukar taki aka sa mu. Ban ɗaga hannuna ba har ƙaramin asibitin, inda suka ɗaure wurin tamau suka sa masa ruwa, ban kuma sake shi ba har Kano. Yatsuna sai da aka ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

Likitan nan mai fara'a, ranar ba fara'a. Ya ce, "Wannan ba kaluluwa ba ce, ba maruru ba ne. Hudar da muka yi wa jijiya ce ba ta rufe ba, jini yana fita yana taruwa. Yana faruwa, kuma da kun zo da wuri, da na'ura za mu duba mu danne ta ko mu yi mata allura, ku koma gida. Wa na ce ya riƙa dubawa?" Na ce ni ce. Ya juya ya koma kan Baba, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Aka ce ana neman jini. Nan na ga dangi. Mutanen da suka cika mota suka biyo mu, kowa da shawara a bakinsa, ana ambaton jini sai ga mai azumin nafila, ga mai jiri, ga wanda ya tuna ya bar akuya a daji. Baffa Ilu, mai cewa ciki ɗaya, ya ce shi jininsa ba shi da yawa tun yana yaro. Maigidana ne ya miƙa hannu, surukin da aka ƙi kwana a gidansa, sai direban a-kori-kurar da bai haɗa komai da mu ba. Allah ya biya su da gidan Aljanna. Aka shiga da Baba tiyata, wannan karon yanka sosai, aka ɗinke jijiyar. Kwana goma sha shida muka yi. Wurin ya yi ruwa, ana wanke shi kullum, fitsari ya ragu har aka fara maganar ƙoda, sannan Allah ya sa ya dawo. Tumakin Inna ma a nan suka tafi. Akwai wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, da ke lallaɓa shi da Fillanci har ya yarda a juya shi, ita ma ba zan manta da ita ba.

Da za a sallame mu na tambayi likita a gaban kowa, da ƙarfi don Baffa ya ji, ko za a dakatar da ƙwayoyin tunda su suka hana jinin tsayawa. Ya ce, "A'a. Ba ƙwaya ce ta yanka shi ba, aska ce. Ragar tana nan, sabuwa ce, ko kwana ɗaya kada a fasa."

Wannan karon na ce ba mai yi min sakiyar da ba ruwa. Na ɗauki hutu a makaranta, na kwashe kayana na koma Fammar. Ciwon cinya ni nake wankewa, safe da yamma. Yana rufe fuska da hula, ina yin aikina. Ƙwayoyin na karɓe daga hannun Inna. Safe da yamma in ɓallo in sa a murfin kwano, in haɗa da kofin ruwa, in kai masa in ajiye a gabansa. Sannan in fito in saki labule, don na san ba zai sha ina tsaye ba. In na koma, murfi ba komai, ruwa ya ragu. Kullum haka. Ina ta yabon kaina, ina cewa yanzu kam na toshe kowace kafa.

Su Baffa kuwa ba su daddara ba. Kullum da yamma suna zaune a kansa. Idan ya yi asuwaki dasashinsa ya yi jini, sai a kaɗa kai. Idan ya bugi ƙofa fatarsa ta yi shuɗi, sai a ce, "Ka gani ko? Sun mai da maka jini ruwa. Namiji da jini kamar na farar kaza, ƙaya ma ta soke ka sai gawa." Na ji da kunnena, na fito na ce, "Baffa, don girman Allah ka bar maganar nan. Bai ishe ka ba?" Ya ce, "Boko ta sa kin fi mu sanin ɗan'uwanmu ko?" Na ce, "Ta sa na san jijiya da kaluluwa." Ranar har Inna sai da ta yi min faɗa, wai na yi wa babba rashin kunya.

Ciwon ya warke, ƙafa ta taku. Kaka ta yi, aka fara cirar gyaɗa. Baba ya matsa sai ya je ya gani, aka kai masa tabarma gindin ɗorawar da ke bakin gona. Da hantsi wata mai tsintar gyaɗa ta shigo a guje ta ce Baba ya kife. Na same shi ya dafe ƙirji da hannu biyu, gumi kamar an watsa masa ruwa, yana neman iska. Wannan ya fi na farko nesa ba kusa ba. Muka sa shi a mota muka nufi Kano, kansa a cinyata, Baffa yana gaba yana salati. Ba mu kai Bunkure ba ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na kira likitan na gaya masa. Ya yi min ta'aziyya, sannan ya ce, "Yana shan maganin kuwa?" Na ce da hannuna nake ba shi, ko sau ɗaya ban fasa ba. Ya ce to, wani lokacin ragar takan toshe ko ana sha, Allah ya jiƙansa. Na riƙe wannan maganar na samu ɗan sanyi. Na ce aƙalla a wannan ban gaza ba.

Shawarata ga duk wanda za a yi wa nasa wannan aikin gajeriya ce. Aikin yana da amfani, na ga Baba ya numfasa bayansa kamar bai taɓa ciwo ba. Amma ku tambayi ta inda aka shiga, kuma wanda likita ya gaya wa ya duba, shi zai duba da idonsa, ba aike ba. Kada a bar aska ko ƙaho su kusanci mai shan maganin tsinka jini. Sauran kuma ku ji yadda na gano shi.

Bayan addu'ar bakwai, baƙi sun watse, ina haɗa kayana zan koma Rano, Inna ta kira ni ɗakinta. Tana zaune a kan tabarmar takaba. Ta laluba ƙarƙashin filo ta ciro wani ƙullin tsumma ta miƙo ta inda take jin numfashina.

Ta ce, "Ungo. Ki kai wa masu kemis ko za su karɓa, ko ki ba wani mai irin ciwon. Kada su lalace a banza."

Na kwance. Ƙwayoyin ne, farare da masu ruwan hoda, wasu sun fara narkewa sun manne da juna. Cikin tafin hannuna suka cika.

Na ce, "Inna, mene ne wannan?"

Ta ce, "Tun ranar da bakinsa ya yi jini ya daina sha. In kin saki labule sai ya zuba ruwan a bayan gado, ya damƙa min su ya ce in jefa a masai. Ni kuma na kasa. Na san abin da aka sayar aka saye su."

Na ce, "Inna, ina gidan nan. Ina tsakar gida, tsakanina da ke labule ne. Me ya hana ki gaya min?"

Ta gyara lulluɓinta, ta juyar da fuska gefe yadda ta saba yi min tun ina yarinya.

Ta ce, "Haba. Ta yaya zan kai ƙarar ubanki wurinki?"